Ranar da Na Ga Ja a Baƙin Allo

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa irin ta ɗan da ya yi kewar uwarsa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Yaya ƙafar nan taki, ta sake ki ko har yanzu tana gardama da keken ɗinki? Ki gaishe mini da Yaya da maigidanta da yara. Ni lafiyata ƙalau, sai dai mura da ba ta rabuwa da mai aikin ɗakin sanyi.

Wannan wasiƙar ki karanta da kanki, Inna. Ko tabaranki ya ɓata ki nemo shi, kada ki ba Yaya ta karanta miki, don akwai maganar wuyan riga a ciki.

Kin ce in bayyana miki aikin nan da kyau, don duk wanda ya tambaye ki sai ki ce ina gadin firji. Ba ki yi ƙarya ba. Firji arba'in ne a jere a wani dogon ɗaki, cike da alluran rigakafi da magungunan da ba sa son zafi. Kowane yana da ma'aunin zafi da ke aika labari zuwa kwamfuta. Ni da abokin aikina, Dogo, muna zaune a ɗan ofis mai taga ɗaya, gabanmu baƙin allo, babu hoto babu ado. Duk bayan minti biyar layi arba'in ke fitowa, lambar firji da zafinsa. Wanda yake lafiya layinsa kore ne. Wanda ya wuce iyakarsa layinsa ja ne.

Na san yanzu kin ajiye takardar kin dafe ƙirji. Ni ma haka na yi a ranar farko. Ni da ban taɓa raba ja da kore ba tun da aka haife ni, ni aka ɗauka in zauna jiran ja! Na tuna ranar da malamin aji biyu ya zane ni don na shafa wa ganyen bishiya jan launi, na dawo ina kuka ina rantsuwa kore na shafa. Ke kaɗai kika gane. Tun daga ranar kike yi mini ƙulli da zare a cikin wuyan riga, ɗaya ja, biyu kore, uku ruwan ƙasa, kika ce a bar kaza cikin gashinta. Har Baba ya koma ga Allah bai san dalilin da ya sa na gudu daga koyon aikin wayar lantarki mai launi-launi ba, yana ganin lalaci ne.

To ga dabarar da na yi. Kowane firji da iyakarsa, wani kada ya wuce takwas, wani goma sha biyar, wasu kuma ƙanƙara ake so. Na haddace duka arba'in ɗin. Dogo kallo ɗaya yake yi wa allo ya koma kan wayarsa, ni kuwa sai na bi layi-layi ina karanta lamba. Har ya sa mini suna kwamfuta mai ƙafa, yana cewa son a sani ne.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Akwai wata mata a nan da kowa ke kira Injiniya. Za ta kai sa'arki, gajera ce, tabaranta na rataye da igiya a wuya, kullum da butar shayi a hannu. Ita ta tsara duk abin da ke fitowa a allon nan. Rannan na tambaye ta yadda take magana da na'urar, sai ta jawo kujera ta ce in zauna, wai shekara shida ba wanda ya taɓa tambayarta.

Ta ce baƙin allon nan sunansa shel, ɗan aike ne, abin da ka rubuta masa shi yake kaiwa, ba ya ƙari ba ya ragi. Sai ta nuna mini wata 'yar karkatacciyar sanda a madannai, ga ta: \. Ta rubuta umarnin printf, ta sa kalmar ruwa da kalmar wuta a manne, sai \n a tsakaninsu. Da ta danna, Inna, sandar da harafin duk suka ɓace, ruwa ya zauna a sama, wuta ta sauko layi na ƙasa. Ta sa \t, kalmomin suka ja da baya suka bar fili. Ta sa \a, sai na'urar ta yi ƙara, ƙil, har na zabura na kusa zubar mata da shayi. Harafin a ne fa, wanda muka fara koya a aji ɗaya, amma da sanda ta tsaya a gabansa sai ya bar zama harafi ya koma ƙararrawa. Ta ce sandar aiki biyu take yi. Harafin da ba shi da iko ta ba shi, wanda yake da iko kuma ta ƙwace. In sunan fayil, wato takardar da na'ura ke ajiyewa a cikinta, yana da fili a tsakiya, ɗan aiken zai ɗauka abu biyu ne, amma in ka sa sanda kafin filin sai ya gane sunan abu ɗaya ne.

Daga nan ta zo kan launi. Ta rubuta \033[31m kafin kalma, ta ce wannan shi ne ja. In ka canza zuwa 32, kore. In ka gama kuma dole ka rufe da \033[0m, sifili ke nan, in ba haka ba duk abin da ya biyo baya zai rine, har wanda bai ji ba bai gani ba. Ta share allon, ta sake fito da kalmar, ta tambaye ni wane launi ne. Na ce ja ne zir, tunda shi ta fara nuna mini. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce to madalla.

Inna, tsigar jikina ta tashi. Duk rayuwata na ɗauka ja wani abu ne da Allah ya zuba a idon mutane ya tsallake nawa. Ashe a wani wurin rubuta shi ake yi, yana da lamba, ana ɓoye shi a gaban kalma yadda kike ɓoye ƙulli a bayan wuya. Da kin ga yadda matar nan take aiki da kin ce 'yar gidanku ce. Na yini ina sa na'urar tana yi mini ƙil ƙil har Dogo ya ce zai kai ƙarata.

Ki ci gaba da sa ni a addu'a. Saura wata ɗaya a tabbatar da ni a aikin.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Auta

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum, da fatan kina lafiya, ke da kowa na gida. Saƙonki ya iso, da rigar, ta zauna mini daidai, na kuma laluba na ji ƙulli biyu. Allah ya saka da alheri. Kin ce gabanki yana faɗuwa tun da kika karanta waccan wasiƙar. Ashe jikinki ne ya gaya miki.

Ranar Litinin abin ya faru. Firji na sha bakwai a da magungunan da ke jure zafi har goma sha biyar ake sawa a ciki. Ranar hutuna aka kwashe su aka zuba alluran jarirai, waɗanda ba a so su wuce takwas. Injiniya ta gyara iyakar a na'ura, Dogo kuma ya manta bai gaya mini ba. Da safe ya tafi karɓar kaya a mota ya bar ni ni kaɗai. Robar ƙofar firjin ta saki, zafi ya fara hawa. Ina kallo da idona, tara, goma, sha ɗaya, sha biyu, ina cewa a raina ai sha bakwai har sha biyar lafiya lau ne. Awa biyu ina zaune gaban layin nan kamar gunki.

Injiniya ce ta zo wucewa da butarta. Daga bakin ƙofa ta hango allon, ko shigowa ba ta yi ba. Ban taɓa sanin tana iya gudu ba sai ranar. Muka kwashe alluran zuwa wani firjin. Mai harhaɗa magani ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta ce Allah ya kiyaye, ba su lalace ba, amma da an ƙara awa ɗaya da sai dai a zubar. Kwali goma sha huɗu, Inna. Na yi ta lissafin jarirai nawa ke nan har na daina.

Manaja ya kira mu ofishinsa. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda gara ya yi maka ihu. Ya tambaye ni me ya sa ban tashi ba da layi ya yi ja. Na buɗe baki na ce, "Ranka ya daɗe, ban ga ja ba."

Allah ya sani gaskiya na faɗa, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai ta muni ba. Nan take ya juya kan Injiniya. Ya ce ke nan tsarinta ne bai rina layin ba, dama an daɗe ana ba shi shawarar a kawo sabon tsari daga waje a sallame ta ta huta. Ya ce ranar Alhamis ta kawo masa fayil ɗin da ke ajiye duk abin da allo ya nuna ranar, in laifin na'urarta ne to ta san sauran.

Na jira ta kare kanta. Sai kawai ta ɗauki butarta ta nufi ƙofa. Da muka fito ta tsaya tana goge tabaranta da gefen mayafi, sannan ta ce idonta ya gaji, ni in fito mata da fayil ɗin in buga a takarda. Ta rubuta mini kalmar sirrinta a bayan wata tsohuwar ambulan ta ba ni. Da wannan kalmar babu abin da ba zan iya buɗewa ba, babu kuma abin da ba zan iya gogewa ba.

Abinci ba ya shiga, Inna. In na yi shiru matar da ta jawo mini kujera za ta rasa aikin da ta yi shekara da shekaru tana ginawa. In na yi magana, wa zai bar makahon launi gadin ja? Ki yi mini addu'a, amma kada ki gaya wa kowa tukuna.

Naki,
Auta

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. A gurguje nake rubuta wannan, lokacin cin abincin rana ne, yau Laraba, Dogo ya fita.

Na buɗe fayil ɗin. Da farko layuka ne kawai irin na kullum, duk launinsu ɗaya a idona, kamar ruwan kwata. Sai na tuna wani umarni da Injiniya ta taɓa nuna mini, cat -v, wanda ke hana na'ura yin biyayya ga ɓoyayyun alamomin nan, ya tilasta mata ta baje su a fili. Kamar a juya riga ciki ya koma waje. Na rubuta, na danna.

Inna, na ga ja.

Kowane layi da 32m a goshinsa, talatin da tara a jere, sai na sha bakwai shi kaɗai da 31m. Na gangara ƙasa, bayan minti biyar ga shi kuma. Na ƙirga, sau ashirin da huɗu. Na sa yatsa a kan gilashin ina taɓa su kamar yadda nake laluben wuyan riga. Shekara ashirin da tara ina jin labarin abin nan a bakin mutane, yau ga shi a gabana, ba wanda ya gaya mini, ba wanda zan tambaya, ba shakka ko ɗaya. Wallahi sai da na yi hawaye, kuma rabin hawayen na murna ne, duk da cewa jan farko da na fara gani a duniya shaida yake bayarwa a kaina. Na'urar matar nan ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Ta yi ta kira, ni ne ban ji ba.

Shaiɗan bai bar ni ba. Ya nuna mini cewa umarni ɗaya ya isa in mayar da duk 31 ɗin nan 32, ba wanda zai sani. Ya ƙara da cewa daga yau ma na huta da hadda, sai in riƙa sa na'ura tana tsamo mini layukan 31 a ɓoye har in yi ritaya. Har na rubuta umarnin, Inna, ba zan ɓoye miki ba. Yatsana yana kan madanni. Sai na ga ambulan ɗin nan da rubutun hannunta a gefe, na goge abin da na rubuta harafi-harafi.

Na buga fayil ɗin yadda yake. Gobe ƙarfe goma. Ki yafe mini, zan fige kazar nan.

Auta

Zuwa ga Innata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kin tashi lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi. A gaishe da Yaya da mutanen gidanta, da maƙwabciyarki mai kawo miki aikin labule. Na san kwana huɗun nan ba ki da sukuni, don haka bari in fara da abin da kike jira: ba a kore ni ba, ba a kuma sallami Injiniya ba.

Na shiga ofishin Manaja da takardun, na shimfiɗa su a tebur, na ja layi da biro a ƙarƙashin kowane 31. Na ce masa na'ura ta rina layin sau ashirin da huɗu, idona ne ba ya raba ja da kore, haka aka haife ni, na kuma ɓoye hakan lokacin da aka ɗauke ni aiki. Bai gane ba da farko, har ya ɗaga murfin biro yana tambayata launinsa. Sai na juya wuyan rigar da kika aiko na nuna masa ƙullinki. Na ce da wannan nake sanin abin da na sa a jikina. Ya daɗe yana kallon zaren nan, sannan ya tambaya wa ya yi. Na ce mahaifiyata, tun ina aji biyu.

Ya yi faɗa, kuma yana da gaskiya. Ya ce ciwon ba laifina ba ne, ɓoyewar ce laifi, kuma da jariran mutane na yi caca. An rubuta mini takardar gargaɗi, an ƙara mini wata uku na gwaji. Na karɓa hannu biyu.

Sai Injiniya ta nemi izinin magana, ta ce a rubuta mata tata takardar ita ma. Ashe ta sani, Inna! Ta ce tun makon farko ta lura ina motsa baki ina karanta lambobi alhali kowa kallo ɗaya yake yi. Ranar da ta koya mini launi, da ta share allo ta tambaye ni, 32 ta sa da gangan, ni kuma na ce ja ne zir. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ce ta yi shiru ne tana jiran in faɗa da bakina don kada ta tozarta ni, kuma wannan shirun nata ya kusa zubar da kwali goma sha huɗu. Game da kalmar sirrin da ta ba ni kuwa, ta ce tana da kwafin fayil ɗin a aljihunta tun ranar Litinin, so take ta san wanda take koya wa aiki. Ta ƙare da cewa gargaɗin da sai mai ganin launi kuma mai fuskantar allo zai gane, rabin gargaɗi ne, don wanda ya juya baya yana zuba shayi shi ma makaho ne. Dogo da ke tsaye a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya.

Manaja ya ce a gyara. Ta ce ba ita za ta gyara ba, wanda ya san inda ke yi masa ƙaiƙayi shi zai sosa. Ta zaunar da ni a kujerarta, ta tsaya a bayana da butarta. Na sa \a a farkon layin haɗari don ya yi ƙara. Na ƙara lamba 7 kusa da 31, ita kuma juya layi take yi, bango ya yi haske rubutu ya yi duhu, ya fito ɓaro-ɓaro kamar farin faci a baƙar riga. Na sa kalmar DUBA da manyan haruffa. Na danna don gwaji, sai duk layukan da ke ƙasa suka juye, firji ashirin da uku masu lafiya suka zama abin tsoro. Ta ɗan buge ni a ƙeya da murfin buta, ta ce, "Ɗana, wanda ya buɗe launi shi ke rufe shi. Ina sifilinka?" Na sa \033[0m a ƙarshe, komai ya koma mazauninsa.

Jiya muka gwada da gaske. Dogo ya je ya riƙe ma'aunin firji na tara a tafin hannunsa. Muna jira, sai ƙil! Mutum huɗu ne a ofishin, har da mai shara da ta juya baya, dukanmu muka waiga lokaci ɗaya. Haruffa ne da ba su kai ashirin ba, Inna, ba a ma ganinsu in sun yi aikinsu, amma sun juya kan mutum huɗu. Har yanzu in na tuna sai in ji kamar in tashi tsaye.

Maganar sifilin nan ta tsaya mini a rai. Ke kika buɗe sirrin nan don ki kare ni daga bulala, kuma ya kare ni, Allah ya biya ki. Amma ba mu rufe shi ba, sai ya yi ta rina duk abin da ya biyo baya, har Baba ya tafi yana ganin ɗansa malalaci ne. Ban ga laifinki ba ko kaɗan, ni ne na girma ban sa sifili ba. Mai harhaɗa magani ta ce rashin ganin launin nan ta wajen uwa yake bi, don haka ki ba Yaya wasiƙun nan duka huɗu ta karanta, ta lura da 'ya'yanta maza kafin wani malami ya ɗauko bulala. Rigar da za ki ɗinka mini nan gaba kuma kada ki fasa ƙullin, ina sonsa. Ki dai yi shi a waje, inda kowa zai gani.

Ina da tambaya ɗaya da na daɗe ina jin kunyar yi. Zanen nan naki mai zanen ganye, wanda kika goge mini hawaye da bakinsa ranar da malam ya zane ni, kika kuma ɗaura shi ranar da kika raka ni tasha zan taho nan. Duk lokacin da na rufe ido na tuno ki, a cikinsa nake ganinki. Ba ki taɓa yi masa ƙulli ba, tunda ba ni ke ɗaurawa ba. Ki rubuto mini, Inna, talatin da ɗaya ne ko talatin da biyu?

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya bar mana ke.

Ɗanki mai gadin firji,
Auta